Baki ɗaya, aiki biyu: yadda akwatin famfon sola ya ƙi karɓar filashi a fadamar Rima

Noman rani ya yi nisa, zafi ya fara kankama, sai mai kula da gonar Alhaji ya kira ni bayan la'asar. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Injiniya, akwatin ga naku hwa ya ƙi filashi. Na sa, na hidda, na koma sawa, ko wuta bai kawo ba."

Na tambaye shi ko da 'yar gajeriyar wayar da muka ba shi ya haɗa. Ya ce ga ta nan a hannunsa. Na ce ya sa ya ƙirga goma kafin ya cire. Ya ce ai ya bar shi a ciki har ya yi alwala ya dawo. Abin ya ɗaure min kai, domin irin wannan akwatin yana kan teburina a lokacin, kuma da safiyar ranar na kwashi bayanai daga cikinsa da filashi ba tare da ya yi gardama ba.

Akwatin da abin da aka nema daga gare shi

Mu uku ne a shagonmu da ke Mabera. Ni ke kula da manhaja. Babban abokin aikina, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ke zana allon lantarki ya haɗa shi. Na ukunmu ɗalibin jami'a ne da ya zo koyon aiki. Alhaji yana noman albasa da tafarnuwa ta wajen Wurno, ya ajiye injin fetur ya koma famfon sola, amma daga gida ba ya iya sanin awa nawa famfon ya yi yana aiki, ko ruwa nawa ya hau. Akwatin da muka ƙera yana auna wutar da farantan sola ke bayarwa, da abin da famfon ke ja, da ruwan da ya bi ta mita, ya rubuta ya ajiye.

Furosesar da ke ciki AM335x ce ta kamfanin Texas Instruments, irin wadda ke kan allon BeagleBone Black da ya fito a 2013. Zanen wannan allo a buɗe yake ga kowa, shi ya sa Malam ya ɗora namu a kansa, ni kuma na gaji fayilolinsa na Linux. Cif ɗin yana da bakin USB biyu, USB0 da USB1. Na biyun mun ba modem da ke aika bayanai ta layin waya. To amma wanda ya san fadama ya san sabis yana zuwa yana tafiya, wani lokaci a yi kwanaki ba a gan shi ba. Saboda haka bakin da ya rage, ƙaramin micro-USB a gefen akwatin, aka ɗora masa aiki biyu. Idan mai kula da gona ya sa filashi, akwatin ya zuba masa bayanai. Idan ni na je da laftof na jona, akwatin ya bayyana a matsayin katin sadarwa in shiga in gyara saiti. Rami na biyu a jikin akwatin yana nufin ƙarin hanyar ƙura da ruwa, kuma dai cif ɗin ba shi da baki na uku.

Maigida da baƙo

USB ba hira ce tsakanin sa'o'i biyu ba. Dole ɗaya ya zama maigida, abin da ƙa'idar ke kira host, ɗayan ya zama baƙo, wato device ko peripheral. Maigida ne ke ba da wuta, bolt 5 a layin da ake kira VBUS. Shi ke fara magana, shi ke tambayar baƙo sunansa da abin da ya iya, shi ke ba shi lamba. Baƙo ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. Hatta sallamarsa ba da magana yake yi ba: yana ɗaga layin D+ zuwa bolt 3.3 ta rezista mai kilo-om 1.5, shi kuwa maigida yana riƙe da D+ da D- a ƙasa da rezistoci masu kilo-om 15, da ya ga layi ya tashi ya san an yi baƙo. Kafin a gama tantance baƙon, miliamfiya 100 kawai aka yarda ya sha, bayan an gama zai iya kaiwa 500 a USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000.

A farko siffar bakin ce ke raba gardama, mai faɗi na maigida, mai murabba'i na baƙo. Da aka fara son ƙananan na'urori su riƙa yin duka biyun, sai aka fitar da ƙarin ƙa'idar On-The-Go a 2001, wadda aka fi sani da OTG. Dabarar ƙafa ta biyar ce. Bakin micro-USB yana da ƙafafu biyar: VBUS, D-, D+, ID da ƙasa. Wayar caji ta yau da kullum tana barin ƙafar ID a sake, na'ura ta gane cewa ita baƙuwa ce. 'Yar gajeriyar wayar OTG kuwa tana haɗe ID da ƙasa a cikin kanta, na'ura ta gane cewa yau ita ce mai masauki, ta kunna wuta ta jira.

A Linux ma gidajen biyu ne. Ɓangaren maigida shi ne wanda kowa ya sani, mai gane filashi da linzamin kwamfuta. Ɓangaren baƙunci ana kiransa gajet, kuma shi kansa hawa biyu ne: direban da ke tuƙa na'urar USB ɗin cif, da direban da ke faɗin wane irin baƙo za a zama, katin sadarwa ne, layin siriyal ne, ko ma'ajiya. Na'urar USB da ke cikin AM335x zanen kamfanin Mentor Graphics ce, direbanta a kenel, wato zuciyar Linux, shi ne musb, sai wani ɗan ƙaramin direba mai suna musb_dsps da ke haɗa shi da wannan cif ɗin. Wannan hawa biyu na gajet shi ne inda muka faɗi daga baya, amma ba mu kai can ba tukuna.

Abin da muka warware a kan tebur

Allon farko da Malam ya gama haɗawa, laftof ya gan shi nan take, filashi kuwa ko motsi. Wannan bai ɗau lokaci ba. Kenel ba ya tsintar na'urorin da ke kan irin wannan allo da kansa, ana bayyana masa su ne a fayil ɗin da ake kira bishiyar na'urori. A bishiyar BeagleBone Black an rubuta wa USB0 cewa dr_mode = "peripheral", USB1 kuma "host", domin a can ƙaramin bakin na jona kwamfuta ne kawai. Na gaji wannan layin ban duba ba. Kalmomi uku ake iya sawa a wurin, host, peripheral ko otg. Na mayar da shi otg, na sake harhaɗa bishiyar.

Wata al'ada da na koya da wahala ita ce kada in yarda da fayil ɗin da na gyara, in tambayi allon da ke kunne abin da ya karanta. Umarnin find /proc/device-tree/ -name dr_mode yana nuna wuraren, sai a karanta kowanne. Ba sau ɗaya ba na gyara bishiya, ashe mai tayar da allon tsohuwar yake lodawa daga wani wuri dabam.

Bishiya tana faɗin abin da ake so ne, amma sai kenel yana da abin a cikinsa. Lokacin harhaɗa shi ana zaɓar ɗaya daga cikin uku: CONFIG_USB_MUSB_HOST, CONFIG_USB_MUSB_GADGET ko CONFIG_USB_MUSB_DUAL_ROLE. Na ukun ba ya ma zaɓuwa sai an kunna ɓangaren maigida da CONFIG_USB_GADGET gaba ɗaya. Zaɓin kuma na direban ne dukansa, ba na baki ɗaya ba, don haka modem ɗin da ke USB1 a ƙarƙashin wannan zaɓi yake, bishiya ce ke ware shi a matsayin host zalla. Namu yana kan na ukun, na tabbatar ta /proc/config.gz.

Wuta ce ta fi cin rai. A BeagleBone Black, VBUS na USB0 hanyar shigowar wuta ce, ana iya kunna allon da ita daga kwamfuta. Mu batir ɗin sola ke ciyar da namu, don haka Malam ya yanke waccan hanyar, ya sa makunnin wuta mai iyakance abin da ake ja, wanda ƙafar USB0_DRVVBUS ke kunnawa idan cif ya zama maigida. Ya kuma zaɓi makunnin da ba ya barin wuta ta koma baya, don kada bolt 5 na laftof ya kwarara cikin allonmu. Duk da haka wasu filasan suna tashi, wasu ba sa tashi, dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel, yana fitar da saƙon VBUS_ERROR in a_wait_vrise. Ma'anarsa cif ya kunna wuta yana jiran ta kai matsayin da ake yarda da ita, wajen bolt 4.4, ba ta kai a kan lokaci ba. Direban yana sake gwadawa sau uku, sannan ya haƙura.

A nan ƙa'idar da kanta ta sa mu a tsaka mai wuya. Bakin maigida ana so ya kasance da kafasita, wato ɗan rumbun wuta, aƙalla mikrofarad 120 a kan VBUS, don idan baƙo ya shigo ya zuƙi wuta a tashin farko kada layin ya faɗi. Bakin baƙo kuwa kada ya wuce mikrofarad 10, don kada shi ya zama mai zuƙar. Bakinmu duka biyun ne. Malam ya sa 4.7 a bakin, ya cika sharaɗin baƙunci, ya bar na masauki a buɗe. Ya yi shiru yana kallon zanen, can ya ce, "Ƙanena, rumbun ba a ƙofar gida ake gina shi ba." Ya like babbar kafasita a bayan makunnin, ta gefen da wuta ke shigo masa, ya bar ƙaramar a bakin. Idan makunni yana kashe laftof ba ya ganin babbar, idan ya kunna kuma tana nan tana tallafa wa layin. Saƙon kuskuren ya ɓace. Muka gwada duk filashin da ke shagon har da na maƙwabta, muka harhaɗa kunshin manhaja mai tsabta, muka zuba a akwatunan da za su gona, aka kai aka ɗaura.

A gona

Kafin in tashi, zargina yana kan waya. Kasuwa cike take da wayoyin da aka rubuta wa OTG alhali ƙafar ID ba a haɗe take da komai ba, da kuma wayoyin caji da babu layin D+ da D- a cikinsu sam. Malam ya ce ƙura ce, ai an sha hunturu, kuma ramin micro-USB ba ya buƙatar ƙasa mai yawa kafin ƙafa ɗaya ta daina taɓawa. Ɗalibinmu ya ce zafi ne, akwatin ƙarfe a rana a ƙasar da ma'auni ke haura digiri 40. Duka ukun suna iya faruwa, kuma duka ukun suna da daɗin zargi domin babu wanda ya nuna mu da yatsa.

Washegari da sassafe muka kama hanya ni da ɗalibin. Na fara da mitar auna lantarki. Tsakanin ID da ƙasa a kan wayar mai kula da gona, a haɗe suke. Na busa ramin, na jona, na auna a kan allon kansa, ƙafar ID ta sauka ƙasa yadda ya kamata. Waya ta fita, ƙura ta fita. VBUS kuwa sifili. Ba faɗuwa take yi ba kamar a shago, ba a ma kunna ta ba. Ƙafar DRVVBUS tana kwance. Zafi ma ya fita, domin rana ba ta ɗaga ba, kuma modem yana aikinsa a ɗaya bakin.

Na kwance murfi, na jona wayar siriyal, hanyar aika wa allon umarni kai tsaye, na shiga. Ba wani saƙon kuskure a dmesg, ko layi ɗaya bai ƙaru ba idan an sa filashi. Bishiya tana cewa otg. Direban musb yana da fayil mai suna mode a ƙarƙashin /sys/bus/platform/devices/musb-hdrc.0, idan ka karanta shi yana faɗin halin da bakin ke ciki. Mai lafiya idan ya karɓi filashi zai ce a_host, idan laftof ya karɓe shi zai ce b_peripheral. Namu ya ce b_idle, na sa waya, na cire, na jira, yana nan a b_idle. Ana iya rubuta host a cikin wannan fayil a tilasta masa, ɗalibin ma ya ce, "Oga, mu tilasta shi mana mu tafi." Na ƙi, domin ko ya yi aiki zan koma gida ban san ciwon ba, kuma akwai sauran akwatuna.

Sai na yi abin da ya kamata a ce na yi tun kafin a ɗaura akwatin: na jona laftof da wayar yau da kullum. Shi ma bai ga komai ba. Ashe ba ɓangaren maigida kaɗai ya mutu ba, bakin ne gaba ɗaya yake barci. Babu wanda ya lura domin tun da aka kai akwatunan ban taɓa buƙatar shiga ta nan ba.

Alhaji ya iso muna tsugune a gindin farantan. Na gaishe shi, na fara yi masa bayanin maigida da baƙo. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban san wanga karatu ba. Abin da nika so, in yaro ya sa abin ga, shi kawo min lissahin ruwa." Na ce, "Ranka shi daɗe, in sha Allahu kafin azahar."

Inda ciwon yake

Gajet ɗinmu ta configfs na gina shi, hanyar da ta shigo kenel a sigar 3.11 a 2013. Maimakon loda tsofaffin direbobi irin g_ether ko g_serial, sai ka ƙirƙiri babban fayil a /sys/kernel/config/usb_gadget, ka rubuta lambar mai ƙira da ta kaya, ka ƙirƙiri ayyukan da kake so, ka haɗa su da tsari. Duk wannan shiri ne kawai. Gajet ba ya rayuwa sai an rubuta sunan na'urar USB ɗin a wani fayil mai suna UDC. Na karanta namu, fanko ne.

Jerin umarnin da ke yin wannan aiki lokacin tashi na kwafo shi ne daga wani tsohon aikina. Layinsa na ƙarshe yana rubuta musb-hdrc.0.auto a cikin UDC, sunan da tsofaffin kenel ke ba na'urar. Na duba /sys/class/udc, sunan da ke nan musb-hdrc.0 ne, babu jelar. Rubutun yana faɗuwa a kowane tashi. A ƙarƙashinsa kuma akwai exit 0, umarnin da ke cewa an gama lafiya ko me ya faru, da ni na sa da hannuna tun wancan lokaci, don haka systemd, mai tayar da hidimomi lokacin tashi, yana nuna hidimar ta kammala lafiya.

Wannan ya bayyana dalilin da laftof bai ga komai ba. Amma me ya haɗa filashi da gajet? Hankali yana cewa aiki biyu ne mabambanta, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amsar tana cikin rubutun manhajar direban, a fayil ɗin musb_virthub.c, a wani ɗan aiki mai suna musb_has_gadget. Idan bakin host ne zalla, direban yana tayar da na'urar nan take. Idan kuwa otg ne, ba ya tayar da ita sai an ɗaura gajet. Bayanin da marubutan suka bari a wurin ya nuna sun san maigida ba ya buƙatar gajet, amma idan aka fara zama a matsayin baƙo alhali babu direban da zai amsa tambayoyin maigida, abin zai watse. Sai suka zaɓi a jira.

Ga AM335x jiran ya fi muni. Direban musb_dsps ba ya zaman jiran ƙafar ID ta buga masa ƙararrawa, leƙawa yake yi duk bayan daƙiƙa 2 ya ga ko an jona wani abu. Shi ya sa ko a shago filashi ke ɗan jinkiri kafin ya kawo wuta, shi ya sa kuma na ce wa mai kula da gona ya ƙirga goma. Agogon wannan leƙe ba ya fara bugawa sai an tayar da na'urar. Babu gajet, babu tayarwa. Babu tayarwa, babu leƙe. Ƙafar ID tana ƙasa tana jira, babu mai dubawa, wuta ba ta kunnu ba, kuma babu kuskuren da za a rubuta domin a wurin direban ba abin da ya faru.

Saura tambaya ɗaya, me ya sa na kan tebur yake aiki? Na kira Malam na ce ya karanta min abin da ke cikin /etc/modules-load.d a akwatin shago. Ya karanto g_ether. Ni na sa shi a makon farko don in samu hanyar shiga da sauri, na manta. Shi ke kama na'urar tun da wuri, ya tayar da ita, filashi ya yi aiki, laftof ya ga katin sadarwa. Na'urar USB ɗaya gajet ɗaya take ɗauka a lokaci guda, don haka ko da sunan da na rubuta daidai ne, jerin umarnina ba zai samu wuri a wannan akwatin ba. Wato duk gwajin da muka yi, har da filasan maƙwabta, ba mu taɓa gwada abin da muka aika gona ba. Malam ya yi dariya a waya ya ce, "To Injiniya, ashe ƙurata ba ta da laifi."

A tsugunen na rubuta sunan daidai a cikin UDC. Bayan ɗan jim fitilar filashin ta kama, mode ya ce a_host, bayanan makonni suka zuba. Mai kula da gonar ya karɓi filashinsa ya juya shi yana kallo kamar yau ya fara ganinsa.

Gyaran da ya zauna

Sauya suna ɗaya da wani ba gyara ba ne, domin kenel na gaba zai iya sake sauyawa. Yanzu jerin umarnin yana karanta sunan ne daga /sys/class/udc. A allonmu suna ɗaya ke fitowa a wurin, tunda USB1 host ne zalla. Idan bai tarar da komai ba yana ɗan jira ya sake dubawa, saboda wani lokaci hidimar tana riga direban tashi. Na cire exit 0, na sa set -e a sama don jerin ya tsaya da zarar wani layi ya faɗi, bayan rubutun kuma yana sake karanta UDC, in fanko ne ya faɗi da ƙara, fitilar gaban akwatin ta koma ja. An goge g_ether daga akwatin shago, kuma shi ma yanzu daga kunshin da ake aikawa gona ake zuba masa manhaja, ba a gyara shi da hannu.

Tunda an buɗe wurin, na gyara wasu abubuwa da g_ether ya ɓoye min. Idan ba a rubuta host_addr da dev_addr ba, kenel yana ƙirƙiro sabon adireshin katin sadarwa a kowane tashi, kwamfuta ta ɗauka sabon kati ne ta manta saitin jiya. Na kafe su, kowane akwati da nasa. Akwai kuma zaɓin yaren katin: Windows ta saba da RNDIS, Linux da macOS sun saba da ECM. Laftof ɗina Linux ne, na ɗalibin Windows, sai na sa duka biyun, na ƙara layin siriyal na ACM don ranar da sadarwar ta ƙi. A cikin tsarin na rubuta 0xC0 a bmAttributes, alamar cewa akwatin yana da wutar kansa, na kuma rage MaxPower, don kada ya yi wa kwamfuta ƙaryar yana buƙatar abin da ba zai sha ba.

Ɗalibin ya kawo shawarar akwatin ya riƙa bayyana wa laftof a matsayin filashi, a kwashi bayanai kai tsaye. Aikin mass_storage yana nan, kuma yana da jan hankali. Na ƙi shi saboda kwamfuta tana ɗaukar ma'ajiyar a matsayin tata ita kaɗai, akwatin kuma yana rubutu a ciki kowane lokaci. Hannu biyu a kan ma'ajiya ɗaya, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba, ƙarshenta lalacewar fayiloli.

Gardamar da ba mu gama ba

Malam har yanzu yana ganin tun farko bai kamata bakin ya yi aiki biyu ba. A ce host zalla, direba ya tashi nan take ba ya jiran kowa, a sa babban baki mai faɗi da kafasitarsa cikakkiya, mai kula da gona ya soka filashi ba tare da wata 'yar waya ba. Ni in na je in kwance murfi in shiga ta siriyal, kamar yadda dai na yi a ranar. Ba zan ce ya yi kuskure ba. Mai kula da gona yana amfani da bakin duk mako, ni kuwa sai an yi matsala, kuma aikin da aka yi don sauƙina shi ya kashe nasa. Abin da nake riƙe da shi kawai shi ne kwance akwati a fili yana lalata robar da ke hana ƙura shiga, kuma sabunta manhaja ta siriyal aikin yini ne.

Wanda zai yi irin wannan aiki a kan wani cif kada ya ɗauka labarinmu zai maimaitu harafi da harafi. Kalmar dr_mode ɗaya ce a ko'ina, halin direbobin ne ya bambanta. Raspberry Pi Zero yana amfani da na'urar Synopsys, kuma sai an sa dtoverlay=dwc2 a config.txt kafin ya iya zama baƙo. Direban dwc2 idan bishiya ta nemi abin da kenel ko cif ba zai iya ba, yana rubuta gargaɗi ya tilasta yanayin da zai yiwu. A Allwinner H3 na allunan Orange Pi, musb baƙunci yake riƙewa, idan ID ta sauka ƙasa sai a karkatar da layukan zuwa EHCI da OHCI, na'urorin da ke aikin maigida, don haka wanda bai kunna ehci0 da ohci0 a bishiyarsa ba zai ga irin shirun da muka gani, amma da wani dalili dabam. Allunan i.MX6 kuma chipidea ne direbansu.

Zanen allo na gaba Malam yana son komawa USB-C, wanda ya fito a 2014, ko don ƙarfin bakin da kuma cewa wayoyin micro-USB sun fara ƙaranci a hannun mutane. A can babu ƙafar ID. Layukan CC1 da CC2 ne ke raba matsayi: baƙo yana jan su ƙasa da kilo-om 5.1, maigida yana jan su sama, da kilo-om 56 idan wutar yau da kullum zai bayar. Mai son yin duka biyun sai ya riƙa sauyawa tsakanin ja sama da ja ƙasa har ya gane wa aka jona masa, kuma AM335x bai san wannan ba, sai an ƙara wani ɗan cif ya yi aikin ya juya sakamakon zuwa ƙafar ID. Na ce masa wannan ƙarin wuri ne da abu zai iya yin shiru. Ya ce ai ba cif ne ya rubuta exit 0 ba.

Sauran akwatunan mun bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin makon, kowanne na gwada shi da filashi da laftof, na kashe na kunna na sake gwadawa kafin in rufe. A na ƙarshe na tarar mai kula da gonar ya ɗaure 'yar wayar OTG da zaren buhu a jikin ƙarfen da akwatin ke kai, ya rufe bakinta da ledar ruwa, saboda yaran da ke ban ruwa sun fara aronta suna jona filashi a wayoyinsu.